Hanta, "Yawwa" ko Ƙwallo: Wace Hanya Za Ka Bi Wajen Koya wa Karen Alseshan Wasanni?

Duk wanda ya ajiye karen Alseshan, wato makiyayin Jamus ɗin nan mai tsayayyun kunnuwa da wasu ke kira karen 'yan sanda, ba ya daɗewa yake gane cewa ci da sha kaɗai ba sa riƙe shi. Don aiki aka samar da irinsa. A 1899 wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya sayi wani kare a wajen baje kolin karnuka, ya raɗa masa suna Horand von Grafrath, ya kafa ƙungiyar masu kiwon irin. Abin da ya sa a gaba shi ne kare mai kaifin hankali, wanda zai yini yana kewaye garken tumaki kunnensa na wajen makiyayi. Dangin wannan kare ne yau ke kwance a keji a Jos da Kaduna da Abuja da Kano, babu abin yi sai jiran dare a sake su. In kuwa bai samu aiki ba, shi zai samar wa kansa: ya tone fulawa, ya yayyaga takalmin maigida, ya hana maƙwabta barci.

Saboda haka koya masa miƙa hannu, juyi, mirginawa, rusunawa ko ɗauko makulli ba shiririta ba ce. Minti goma na aikin ƙwaƙwalwa kan kwantar da shi fiye da yadda mutane ke zato. Kuma koyon ba ya ba shi wuya. A jerin da masanin halayyar nan Stanley Coren ya fitar a 1994, bayan ya ji ta bakin alƙalan gasar biyayyar karnuka, makiyayin Jamus ne ya zo na uku wajen saurin ɗaukar umarni. Matsalar dai a wajen mai karen take: ta wace hanya zai bi? Hanyoyin da suka cancanci a auna su uku ne, jan hanci da abinci, amfani da alama (wato sauti ko kalmar da ke gaya wa kare ya yi daidai), da biya da abin wasa.

Akwai ta huɗu, amma ba zan ɓata mata lokaci ba. Ita ce hanyar fizgar sarƙa mai shaƙe wuya, da tsawa, da dorina. Tsohuwar hanya ce, tushenta horon karnukan 'yan sanda da soja a Jamus tun zamanin mai horon nan Konrad Most a farkon ƙarni na 20, kuma har yau da yawa daga masu horar da karnukan gadi a nan ita suka gada. Ko me za a ce game da ita a wani fagen, a fagen wasanni ba ta da abin bayarwa. Wasa yana bukatar kare ya riƙa gwada abu da kansa, in bai dace ba ya sake gwadawa. Karen da ya san kuskure na jawo masa fizga yakan zaɓi ya ƙame, kunnuwa a kwance, yana lasar leɓe. A Jamus ɗin ma kotu ta tabbatar da haramcin abin wuya mai jan lantarki wajen horo tun 2006.

Jan hanci da abinci ita ce hanyar da kowa zai iya farawa da ita yau da yamma. Likitan dabbobi Ian Dunbar ne ya yaɗa ta a azuzuwan 'yan kwikwiyo da ya buɗe a Kalifoniya a farkon shekarun 1980, kuma dabararta guda ce: inda hancin kare ya bi, nan jikinsa zai bi. Ɗauki koyar da juyi. Ka riƙe ɗan gutsuren dafaffiyar hanta, kamar ƙwayar wake, tsakanin babban yatsa da manuni. Ka kai shi dab da hancin karen yana tsaye, sai ka ja hannun a hankali zuwa wajen ƙugunsa. Wuyansa zai lanƙwashe, ƙafafun gaba su biyo, na baya su gyara, sai ga shi ya kewayo. Yana dawowa fuskarka ka sakar masa hantar. In ya tsaya a rabin hanya, hannunka ne ya yi sauri ko ya yi sama da yawa. Ka sauke shi daidai tsayin hancinsa, ka biya shi ko da rabin kewaye ya yi. Sau da yawa a zama ɗaya ake ganin juyin farko, kuma wannan saurin shi ne babban abin da hanyar ke taƙama da shi. Haka take aiki a kan mirginawa, rarrafe, ratsawa tsakanin ƙafafun mutum, da duk wani wasa da ainihinsa sanya jiki ne a wani yanayi.

Tarkonta kuwa shi ne yawancin mutane ba sa iya fita daga cikinta. Sai a yi wata guda ana juya kare da hanta a hannu, ranar da baƙo ya zo aka ce "juya" hannu wayam, karen ya tsaya yana kallon mutum kamar ɗan dakon da ya ce sai ya ga kuɗi a tafin hannu kafin ya ɗaga buhu. Ba taurin kai ba ne. Abin da aka koya masa ke nan, cewa hantar ita ce umarnin. Maganin shi ne a cire abincin daga hannu da wuri, bayan maimaici huɗu ko biyar da suka yi kyau. A yi motsin hannun nan dai babu komai a ciki, yana gamawa a ciro ladan daga aljihu ko daga kwano a gefe. Daga nan a riƙa rage girman motsin, har ya koma ɗan kaɗa yatsa. Kalmar umarni kuma ba a sa ta tun farko. Sai wasan ya zauna, a faɗe ta sau ɗaya kafin motsin hannu, a ɗan dakata, sannan hannu ya biyo.

Wani rauninta shi ne karen da ke bin abinci ba ya yawan tunani. Hankalinsa na kan ƙanshi, jikinsa ne kawai ke tafiya. Ga ɗan kwikwiyo mai wata uku wannan ba laifi ba ne. Ga babban Alseshan mai kilo 35 da ƙwaƙwalwa ke masa ƙaiƙayi, kamar an rage masa rabin amfanin darasin ne.

A nan hanya ta biyu ta fi ta, kuma ita ce nake ganin ta fi cancantar wahalar mutum. Asalinta binciken masanin halayya B. F. Skinner ne a kan yadda sakamako ke gina ɗabi'ar dabba. Ɗalibansa Keller da Marian Breland suka fitar da shi daga ɗakin gwaji suka horar da dabbobi iri-iri da shi, sannan Karen Pryor, wadda ta yi aikin horar da dabbobin teku na dolfin a Hawai a shekarun 1960, ta taimaka wajen kawo shi ga masu karnuka. Dolfin ba a sa masa sarƙa, ba a tura shi da hannu, dole sai an sami hanyar gaya masa daga nesa cewa abin da ya yi a wannan daƙiƙar shi ake so. Da usur suke yi. Masu karnuka suka koma amfani da 'yar ƙaramar na'ura da ake dannawa ta yi ƙas, wadda ake kira kilika. Wanda ba shi da ita, biro mai dannawa ya isa, ko kuma kalma guda gajera da za a riƙa faɗa da murya iri ɗaya. Mu kam muna da ita a baki: "Yawwa!"

Da farko sai an ba alamar ma'ana. Ka ce "Yawwa", ka ba da gutsure. Ka ɗan jira, ka sake, kamar sau goma sha biyar zuwa ashirin. In ka faɗe ta karen ya waiwayo da sauri yana jiran rabonsa, ta kama. Daga nan doka biyu ce. Ba a faɗin ta sai a daidai lokacin da abin da ake so ya faru, ba bayan daƙiƙa uku ba. Kuma duk lokacin da aka faɗe ta sai an biya, ko da kuskure aka faɗa.

Ga yadda take aiki a kan wasan da jan hanci ba zai iya ba, rufe ƙofa da hanci. Ka samo murfin robar man shanu ko na bokitin fenti ƙarami, ka riƙe shi a gefenka, ka yi shiru. Alseshan ba ya ganin sabon abu ya ƙyale, zai matso ya shinshina. Hancinsa na taɓa murfin, "Yawwa", lada. Ka ɗauke murfin, ka sake fito da shi. Bayan 'yan maimaici za ka ga ya daina shinshinawa, ya koma dungurar murfin da gangan yana satar kallonka. Wannan kallon shi ne alamar ya gane cewa shi ke sa ka magana. Sai ka manna murfin a jikin ƙofar da ke buɗe kaɗan. Ya taɓa, ka biya. Daga nan ka ɗan yi rowa: taɓawa mai sanyi ba ta samun komai. Zai tsaya, wataƙila ya yi ɗan gurnanin ƙorafi, don irin nan akwai surutu, sannan ya dunguri murfin da ƙarfi cikin jin haushi, ƙofar ta motsa. Nan ne za ka yi "Yawwa" ka ba shi gutsure uku a jere. Cikin kwanaki kaɗan ana yanke murfin ana rage shi har ya ɓace, ƙofar kaɗai ta rage. Da irin wannan matakin-matakin ake koyar da kwashe kayan wasa a zuba a kwando, ja da baya, ɗora ƙafafun gaba a kan turmi a kewaye shi, ko ɗauko abu da sunansa.

Alamar tana da wani amfanin da ba a cika lura da shi ba: kama abin da kare ke yi da kansa. Kowane kare in ya tashi daga barci yakan yi miƙa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama. In kana da gutsure a aljihu ka riƙa yi masa "Yawwa" a daidai wannan miƙar kowace safiya, ba da daɗewa ba zai fara yin ta don ya ji kalmar, sai ka sa mata suna "gaisa". Ka sami rusunawa ba tare da ka taɓa shi ba. Abu ɗaya ne ba na ba da shawarar a kama ta wannan hanyar ga Alseshan, wato haushi bisa umarni. Yana da daɗin nunawa, amma karen da dama bakinsa ba ya rufuwa, in ya gano haushi na kawo hanta, kai za ka gaji kafin shi.

Kuɗin wannan hanya haƙuri ne da iya lokaci. Kwanakin farko ba a ganin abin nuna wa kowa, kuma mai gaggawa yakan tsallake mataki, karen ya rikice ya kwanta ya juya baya. In an yi gwaji uku a jere bai samu lada ba, an tsananta, a koma baya taki ɗaya. Tsakanin kilika da baki kuwa, kilika ta fi daidaito don ƙararta ba ta canzawa da fushi ko gajiyar mutum, amma tana cinye hannu guda, kuma kullum tana ɓata. Ga wasannin gida, baki ya wadatar.

Akwai wani abin da littattafan Turawa ba sa kawowa, alhali a gidajenmu shi ne kan gaba, wato yawun kare. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa kare mai rai ba najasa ba ne, amma duk da haka mutane da yawa da suka ajiye shi don gadi ba sa son bakinsa a hannunsu ko a rigar da za su yi salla da ita. Ga irin wannan mutum, jan hanci da abinci ita ce mafi wahala, don dole hanci da harshen karen su manne da yatsunsa. Da alama kuwa ba sai an miƙa abinci a baki ba. Ana cewa "Yawwa" a jefa gutsuren ƙasa ko cikin kwanonsa, saƙon ya riga ya isa. Har aikin jan hancin ma ana iya mayar da shi kan sanda: a ɗaura ɗan ƙyalle a kan siririn kara, a koya masa taɓa shi kamar yadda aka yi da murfi, sai ya riƙa bin karan zuwa juyi ko rarrafe, hannu na nesa. Wannan kaɗai ya isa ya karkata zaɓin mutane da yawa.

Tunda ana maganar lada, a kula da abin da ake bayarwa. Dafaffiyar hanta ko huhu ko tsokar kaza, ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana a ɗan busar. Kilishi da tsire da balangu ba nasa ba ne, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Inabi da zabibi da cakulan ma ba nasa ba ne. Goro ma a kiyaye, in yara na wasan jefa masa, don sinadaran da ke cikinsa irin na kofi da cakulan ne, kuma jikin kare ba ya jure su. Ladan horo kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abincinsa na yini. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗebi wani kaso na abincin darensa a yi darasin da shi kafin a zuba sauran.

Hanya ta uku, biya da ƙwallo ko igiyar ja-in-ja, ita ce ta ƙwararru. Karnukan da ke shinshino ƙwaya da abubuwan fashewa a filayen jirgi galibi ba don abinci suke aiki ba, don abin wasansu ne. Alseshan ɗin da ya fito daga tsatson karnukan aiki sau da yawa zai tofar da nama in ya hango ƙwallo. Abin da take bayarwa shi ne zafin nama. Karen da ke juyi a kasale don hanta, in ya san ƙwallo ce za ta tashi bayan "Yawwa", sai ka ga juyin ya koma kamar walƙiya. Kuma ita ta fi dacewa da wasan da na fi so ga irin nan, wato "nemo". A ɓoye ƙwallon yana kallo, a sake shi. A ɓoye a bayan tukunyar fulawa. A kai shi bayan gida a ɓoye ba ya gani. Daga baya a ɗaura makulli a jikin ƙwallon, har a wayi gari makullin kaɗai yake nemowa a biya shi da ƙwallo daga aljihu. Babu wasan da ke gajiyar da shi cikin jin daɗi kamar aikin hanci.

Sai dai ba hanyar koyar da sabon abu ba ce. Da gutsuren hanta za a iya maimaita abu sau goma a minti guda. Da ƙwallo kowane lada sai an jefa, ya bi, ya dawo, an karɓa, minti ya tafi. Ga shi tana ɗaga masa jini, karen da ya ɗau zafi kuwa ba ya iya aikin da ke son natsuwa. Ka nemi ya ɗora haɓa a gwiwarka ya yi lamo, shi kuwa yana rawar jiki yana cafkar iska. Tana kuma da sharaɗi: sai ya iya "saki" sarai kafin a fara ja-in-ja, in ba haka ba kowane lada zai koma kokawa da muƙamuƙin da ya fi ƙarfin hannunka. Ba wasan da za a bar wa ƙananan yara ba ne. Ɗan kwikwiyo tsakanin wata huɗu zuwa shida yana famfara, a sassauta ja a lokacin. Ƙwallon kuma ta zama babba ko mai igiya a jiki, don ƙaramar ƙwallo na iya maƙale wa babban kare a maƙogwaro.

Zafi ma yana cikin lissafi. Gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi, kuma kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, guje-gujen ƙwallo da rana na iya kashe shi. Bayan asuba ko dab da magariba ne lokacinsa, kuma a taɓa simintin tsakar gida da bayan hannu tukuna. In ya ƙona ka, zai ƙona tafin ƙafarsa. Darasin alama kuwa ana yin sa a inuwa, ko a zaure, karen ko gudu bai yi ba. Mazauna Jos sun fi samun sarari a nan.

To wa zai ɗauki wacce? Mai ɗan kwikwiyo, ko wanda bai taɓa horar da kare ba kuma yana son ya ga sakamako kafin gwiwarsa ta yi sanyi, ya fara da jan hanci, amma ya riƙa haɗawa da "Yawwa" tun ranar farko, ya kuma cire abincin daga hannu da wuri. Mai babban kare da ya riga ya iya zauna da kwanta, ko wanda ba ya son yawu a hannu, ya tafi kai tsaye ga alama da sanda. Mai karen da abinci bai dame shi ba amma yana haukan ƙwallo, ya koyar da sabon wasan da sassafe kafin karen ya ci komai, da mafi daɗin abin da yake da shi, in wasan ya zauna sai ya koma biya da ƙwallo don ya ƙara masa sauri. Karen da aka taɓa horarwa da duka shi ya fi bukatar haƙuri. Zai iya yin mako yana kallon murfin nan bai taɓa ba, don ya koyi cewa rashin motsi ya fi aminci. Irinsa a fara masa da jan hanci, a biya ko da kallon abin ya yi.

Ba da kare ga mai horo ya tafi da shi wata guda ba shi da amfani sosai a wannan fagen. Zai dawo ya iya wasannin, amma da muryar wani da motsin hannun wani. In za a kashe kuɗi, gara a ɗauko wanda zai zo gida ya tsaya yana gyara maka lokacin faɗin "Yawwa" da tsayin hannunka. Kafin a yi ciniki a ce ya nuna nasa karen yana aiki, a dubi jelar karen da kunnuwansa. Umarni kuma da Hausa ya yi daidai, muddin kowa a gidan kalma ɗaya yake faɗa wa abu ɗaya, kuma zama uku na minti biyar sun fi zama ɗaya na rabin awa.

Kowace hanya aka ɗauka, akwai wasannin da sai an jira. Irin nan sananne ne da matsalar gaɓar ƙugu da ta gwiwar gaba, kuma ƙasusuwansa ba sa gama ƙwari sai ya kai wata 12 zuwa 18. Kafin nan babu tsallake shinge, babu cafke abu a sama, babu tafiya da ƙafafun baya, wanda ni ko ga babba ban ga dalilinsa ba a kare mai wannan nauyi da doguwar gadon baya. Juyi a riƙa yin sa dama da hagu, a kan ƙasa ko tabarma, ba a kan tayil mai santsi ba. Mirginawa da guje-guje a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci, saboda karnuka masu zurfin ƙirji na cikin haɗarin murɗewar tumbi. In kuma karen da ya iya wasa ya fara ƙin zama, ko yana zama a karkace, ko yana haɗa ƙafafun baya wuri guda in yana gudu, a dakatar da darasin a kai shi wajen likitan dabbobi ya duba ƙugun.